Ga ƙanina mai shirin zuwa karatu Thailand

Salam ƙanina, na ga saƙonka kana tambaya wai da gaske ne mutanen Thailand suna da zafin kishin ƙasa, kuma ko zai shafe ka in ka zo. Akwai shi kam, amma ba wai za a tsare ka a titi don kai baƙo ne ba, mutane ne masu fara'a sosai. Abin yana cikin tarihin da aka cusa musu tun firamare.

Yawanci daga zamanin Fil Mashal Phibun ya samo asali, shi ne ya zama firaminista a 1938, ya canza sunan ƙasar daga Siam zuwa Thailand a 1939, ya yi ta fito da dokoki na yadda za a sa kaya har da hula da gaida tuta, rediyo na ta maimaitawa dare da rana. Har yau in takwas na safe ko shida na yamma ta yi aka sa taken ƙasa a tashar jirgi, kowa tsayawa yake cak, kai ma ka tsaya kawai.

A 1941 sun gwabza da Faransa, wadda ke mulkin mallakar Laos da Kambodiya a lokacin, suka karɓe wasu yankunan ƙasashen biyu, har aka gina hasumiyar nasara a Bangkok, bayan yaƙin duniya kuma aka sa su dole suka mayar. Wannan ciwon na "an ƙwace mana ƙasa" bai warke ba wallahi, shi ya sa maganar tsohon wurin bautar Preah Vihear da kotun duniya ta ba Kambodiya a 1962 take ta da jijiyar wuya har yau, a 2025 ma sai da aka yi musayar wuta a iyakar. Amma zancen sun haɗa kai da Japan har suka shelanta yaƙi kan Amurka da Ingila a 1942, ba a cika son a tado shi ba, an fi son a ce maka ba a taɓa yi musu mulkin mallaka ba.

Ni abin da ya fi ci min rai shi ne 'yan uwanmu Musulmi Malay na lardunan Pattani, Yala da Narathiwat a kudancin ƙasar, dokokin nan na Phibun sun takura musu harshe da sutura, kuma tun 2004 yankin bai zauna lafiya ba. Za ka haɗu da su a masallaci, ka saurare su da kyau.

Batun sarki kuwa don Allah ka kama bakinka, hukuncin sashe na 112 na dokar laifuffuka, wanda ya hana ɓatanci ga sarki, ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, bai bar baƙo ba, kuma ko rubutun wani ka tura a Facebook yana iya jawo maka.