Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kafa Injin Wasa Ƙarfe a Gida Don Gyaran Babur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohon babur Honda CG125 da marigayi mahaifinmu ya bari, ya daɗe a jingine a soro har tsatsa ta cinye shi, kuma na ƙudiri aniyar tayar da shi da hannuna. Na sayi injin wasa ƙarfe mai dutse biyu, mai inci 6, na ɗora shi a kan teburin katako, amma da zarar na kunna sai teburin ya kama rawa. Wane irin mazauni ya dace da shi, kuma a ina zan kafa shi a gidan da ke da yara? Daga mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Laifin ba na injin ba ne, domin irin wanda ka saya, wanda masu walda ke kira giranda, yana juyawa kusan sau 2,850 a minti ɗaya a wutar ƙasar nan, kuma teburin da ba shi da nauyi ba zai iya shanye wannan jijjiga ba. Abin da kake bukata shi ne mazauni mai nauyi daga ƙasa, kuma a ganina kuɗin da za ka kashe a kansa ya fi na sayen babban inji amfani.

Ka leƙa Kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemi tsohon wilin babbar mota, da bututun ƙarfe mai kauri mai faɗin inci 4, da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8. Mai walda zai tsayar da bututun a tsakiyar wilin, ya liƙa farantin a samansa, ya huda shi daidai da ramukan da ke gindin injin. Bayan haka sai ka cika wilin da kankare, bututun kuma ka ɗura masa yashi kafin a rufe bakinsa, saboda yashi yana kashe ƙara da jijjiga. Ka sa yankin tsohuwar taya tsakanin injin da farantin, ka ɗaure da noti sosai. Game da tsayi, kada ka ari awon wani: ka tsaya a miƙe, ka lanƙwasa hannu, tsakiyar dutsen ta zo kusa da gwiwar hannunka, domin wanda ya yini a sunkuye yana goge tsatsa bayansa ne zai ba shi labari da dare.

Idan aka kafa shi kuma bai daina rawa ba, to wataƙila dutsen ne bai daidaita ba, ko kuma ya tsage. Ka cire shi, ka rataye shi a yatsa, ka ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar sukudireba; lafiyayyen dutse yana amsawa da ƙara mai zaƙi, mai tsaga kuwa ƙararsa a dushe take, kuma irin wannan jefar da shi ake yi. Ɗan ƙarfen da ake ɗora aiki a kansa kada ratarsa da dutsen ta wuce milimita 3, don kada abin da kake wasawa ya faɗa tsakani ya fasa dutsen.

Tun da aikinka tayar da babur ne, ina ba ka shawarar ka bar dutse ɗaya, ɗaya gefen kuma ka sa buroshin waya, domin shi ne zai yi maka yawancin aikin a kan notuna, da sandar birki, da maƙalin salansa. Murfin injin babur kuwa na alminiyam ne, kuma alminiyam yana toshe dutsen wasa, ya sa shi zafi har ya iya tsagewa, saboda haka faifan auduga da sabulun goge ƙarfe ne maganinsa. Nan ne masu gaggawa kan ɓata murfin da samun irinsa na asali yake da wuya a yau.

Batun wuri ya fi komai muhimmanci. Kada ka kafa shi a soron da babur ɗin yake, domin tartsatsi yana tashi nesa, kuma tankin da aka juye fetur ɗinsa yana nan cike da tururin da ke kamawa nan take. Ka zaɓi rumfa mai iska a tsakar gida, nesa da jarkar mai da janareta, inda tartsatsin zai fuskanci bangon siminti. Ka sa tabarau na kare ido kowane lokaci, ka naɗe hannun riga, ka ajiye babbar riga da safar hannu gefe, saboda buroshin waya yana fizgar ƙyalle ya haɗa da yatsa. Idan ka kunna, ka koma gefe na minti ɗaya kafin ka fara aiki.

Saboda yaran, ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka soket mai wayar ƙasa, wato wayar da ke kare mutum daga jan wuta, a cikin akwati mai kwaɗo, sama da inda hannunsu ke kaiwa. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, ka kashe makunnin ka zare filogi kafin ka bar wurin, domin injin zai tashi da kansa idan aka dawo da ita.