Sabar Alhaji ta cika, kar ka sayi komai tukuna

Yaro, na ga saƙonka bayan sallar isha'i. Ka ce sabar da muka haɗa wa Alhaji a gidansa na Nassarawa, wato kwamfutar da ke ajiye masa fayilolin gida, ta cika maƙil, faifan ajiya biyu ne a ciki masu tera 4 kowanne, kuma ka ga wani na hannu mai tera 8 a Beirut Road da araha, ko ka saya ka jona. Kar ka saya. Riƙe kuɗin Alhaji a aljihu, gobe ka je gidan hannu rabbana, ka duba abin da ya cinye wurin.

Ina zargin kyamarorin tsaro ne. Na tuna lokacin da ya sa aka ƙara guda huɗu a ƙofar gida da gareji, aka ce su riƙa zuba bidiyo a sabar. Yi lissafin da kanka: kyamara ɗaya mai tura megabit 4 a daƙiƙa tana cin wajen giga 43 a kwana guda. Huɗu, giga 170 da 'yan kai ke nan kullum. Kafin wata ya ƙare sun haura tera 5, tunda giga 1000 ne tera ɗaya. In haka ne, ko tera 20 ka saka masa, kafin wata biyar zai sake kiranka, kuma wannan karon da faɗa. Maganin kyamara shi ne a ware mata nata faifan, irin su WD Purple ko SkyHawk da aka ƙera don rubutu dare da rana, a saita ta tana goge tsohon bidiyo bayan sati biyu ko wata ɗaya, yadda maigidan ya zaɓa. Sau da yawa da wannan kaɗai aiki ya ƙare, ba a sayi babban faifai ba.

Amma mu ɗauka ka duba, ka tarar da gaske kayan gida ne suka yi yawa: bidiyon bukukuwa, hotunan jikoki, takardun shagonsa na Kwari. To, a nan nake so ka buɗe kunne.

Faifan nan biyu ba tera 8 suke ba shi ba. Madubi muka yi musu, wato RAID 1, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana sauka a ɗayan. Wurin ajiyar tera 4 ne kacal, kuma a allo 3.6 za ka gani, domin masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuwa da 1024. Mai tera 8 ma 7.2 da ɗoriya zai nuna. Ka gaya wa Alhaji wannan tun kafin a saya, kar ya zaci mun yi masa ƙwange.

Yanzu in ka cire ɗaya ka maye da mai tera 8, me ka samu? Tera 4 dai. Madubi da ƙaramin yake tafiya, ragowar wurin babban yana zaune a banza. In kuma ka jona shi shi kaɗai a gefe, ka samu wuri, amma duk abin da aka zuba masa ba shi da abokin tsira. Ranar da ya ƙi tashi, shi ke nan. Don haka sabo biyu ake buƙata, ba ɗaya ba.

Akwai hanya biyu ta sa su. Ta farko, ka cire tsoho ɗaya, ka sa sabo, ka jira na'ura ta kwafe komai a kansa, sannan ka yi wa na biyun haka, daga ƙarshe ka faɗaɗa wurin. Tana aiki, amma ba na son ta. A duk tsawon awannin kwafar nan, aikin sabar gaba ɗaya yana rataye a kan tsohon faifai guda, kuma a lokacin ne ake karanta shi daga farko har ƙarshe, wahalar da wataƙila bai taɓa sha ba tun da aka saka shi. Haka ta taɓa faruwa da ni, kafin ka zo shago. Wani mai ɗaukar hoton biki ne, na canza masa faifai ɗaya da la'asar, na tafi gida hankali kwance. Da safe na tarar tsohon ya tsaya a tsakiyar aiki yana ƙas ƙas. Hotunan aure uku da bai kai wa masu su ba suna ciki. Mun ceto wasu, wasu sun tafi. Har yau in na hango shi a ɗaurin aure sai in ji kunya ta kama ni.

Hanyar da nake bi tun daga ranar ita ce ta biyu. Ka buɗe akwatin ka ƙirga ramukan SATA, inda ake jona faifai, da suka rage a madabod, wato babban allon cikin kwamfutar. In akwai biyu, ka haɗa sababbin su zama nasu madubin a gefe, tsofaffin na nan ba ka taɓa su ba. Ka kwafe, ka gwada adadin fayil da girmansu, ka buɗe bidiyo da takardu nan da can ka tabbata suna buɗuwa. In ramuka sun ƙare, akwai katin da ake sokawa a ramin PCIe na madabod ya ƙara su. Wajen tsara sababbin ka zaɓi tsarin raba faifai na GPT, domin tsohon tsarin MBR a tera 2 yake tsayawa. Ka leƙa fawa kuma, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta: babban faifai yakan ja wajen wat 20 ko fiye lokacin da yake tashi, daga baya ya sauka ƙasa da 10, kuma huɗu in suka tashi tare suna iya durƙusar da tsohuwar fawa.

Kafin duk wannan, ka tambayi Alhaji da Hajiya abin da ba za su iya jure rasawa ba, ka kwafe shi a faifan USB, ka cire, ka ajiye a wani ɗakin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Madubi yana tsare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. In yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun. In wuta ta zo da ƙarfi ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, rumbu biyu ne a gida ɗaya, gobara guda ta ishe su.

Batun na hannun da ka gani, ban ce duk na hannu banza ne ba, mu ma muna sayarwa. Amma a jona shi a gabanka, ka buɗe CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki. Shekara guda awa 8,760 ce, in ka ga 35,000 ka san ya yi shekara huɗu yana juyi ba hutu. In ya nuna rawaya, ko akwai gurabun da suka lalace aka sauya, ajiye musu kayansu. Wasu ma goge wannan lissafin suke yi ya dawo kamar sabo, shi ya sa ko sabo ne nake cika shi da rubutu in karanta gaba ɗaya kafin in amince masa. Mai tera 8 zai ci maka fiye da rabin kwana a rubutun kaɗai. Ka kuma duba lambarsa a intanet ka ga salon rubutunsa, ko CMR ne, wanda muke so, ko SMR. SMR yana jera rubutu ne wani kan gefen wani kamar kwanon rufi, in aiki ya yi tsawo sai ya riƙa jan ƙafa, har na'ura ta zaci ya mutu ta fitar da shi daga madubin. A 2020 an yi ta surutu da aka gano wasu faifan WD Red irin wannan ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan Red Plus. Faifan IronWolf ma CMR ne.

Saura wuta da zafi, su ne namu na Kano. Kar ka fara kwafa sai ka tabbata batiran inbatar gidan za su kai safe in an ɗauke wuta. Faifai huɗu a matse cikin akwati ɗaya a watan Afrilu, ana digiri 40 a waje, dole a sa musu fanka a gaba tana hura su kai tsaye. Ina so in ga suna ƙasa da 45. Ƙurar hunturun bara ma na san tana nan a ciki, tafi da abin hurawa.

Tsofaffin biyu kar ka goge su, kar kuma ka bari Alhaji ya ba wani. Rubuta kwanan wata a jikinsu, su yi wata guda a ajiye, daga nan sai mu mayar da ɗaya na kyamarori na wucin gadi, ɗayan ya koma shagon Kwari da kwafin takardu. Gobe in ka isa, ɗauko mini hoton cikin akwatin da na allon da ke nuna abin da ya ci wuri, ka turo kafin azahar.