Hoton Tsohuwar da Ba Ta Yi Murmushi Ba

Yaro, ka tambaye ni me ya sa hotunan mutane da kake ɗauka suke fitowa kamar na fasfo, alhali kana matsawa har ka ji numfashin mutum, nawa kuwa mai kallo sai ya ji kamar ya daɗe da sanin mai fuskar. Har ka ƙara da cewa wataƙila gilashin kyamarata ne ya fi naka. Da na so in ƙyale ka, amma ka fama mini tsohon ciwo, don haka zauna.

Batun saiti ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya shekara biyu yana riƙe mini jaka bai san a idon da ya fi kusa ake saiti ba, bai san gilashi mai faɗi irin na waya yana kumbura hanci idan an kusanto da shi ba, gara ya nemi wata sana'a. Ɗaura mai milimita 85, ja da baya taku biyu, an wuce wurin.

Zamanin da muke aiki da fim, wani mutum ya same ni ya ce mahaifiyarsa ta tsufa, jiki ya fara ƙi, yana son hoton da za a ajiye. Kyamarar Rolleiflex nake riƙewa a lokacin, wadda ake leƙawa ta sama, fim ɗaya hoto 12 kacal. Amfaninta shi ne fuskarka ba ta ɓuya a bayan ƙarfe, mutum yana ganinka kana ganinsa.

Ranar farko na tarar an caɓa mata ado, ta zauna a sandare kamar wadda aka kira gaban alƙali, 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta, kowa na cewa ta yi dariya. Ko jaka ban buɗe ba. Hira muka yi na tafi. Washegari na dasa kyamara a kan ƙafafunta na bar ta tsaye, tsohuwa ta yi ta satar kallonta har ta gaji ta manta da ita. Na sa aka jawo kujerarta gefen taga, na kashe fitilar ɗakin, na sallami kowa har da ɗan nata. Bai ji daɗi ba, ban kuma damu ba. Babu uwar da za ta saki fuska ɗanta na tsaye yana gyara mata zama.

A rana ta uku na lura da agogon maza a hannunta, ya yi mata yawa, ba ya ma tafiya. Na tambaye ta na wane ne. Na mijinta ne marigayi. Ta fara ba ni labarin ranar da ya saya, sai maganar ta tsaya mata a maƙogwaro. Ta juya wajen taga, babban yatsanta yana shafa gilashin agogon. Haske ya kwanta a rabin fuskarta, ya bar ɗan alwatika a kuncin da ke inuwa, irin wanda muke kira hasken Rembrandt, da ɗigon haske a ido. Na danna sau ɗaya. Ban ɗago kai ba sai da ta dawo hayyacinta, don da na yi ko tari, shi ke nan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba a gaya maka fuska ba ta amsa wa mai sauri ba.

Da na wanke hoton hannuna har rawa yake. A shekarun da na yi a sana'ar nan ban ɗauki kamarsa sau uku ba.

Mutumin ya zo ya duba, ya yatsine fuska. Wai ba ta murmushi, wai tamoji sun fito, in goge. Na ce in na goge su na goge shekarunta, ba zan yi ba. Sai ya sauko da murya, ya ce in ba shi ya nuna wa 'yan'uwansa, har da nagetif ɗin, wato asalin fim ɗin da ake wanke hoton daga jikinsa, don akwai wanda ke nesa. Ni kuma, uban wauta, na miƙa. Ba kafin alƙalami, ba rubutu, ba shaida. Tausayin tsohuwar ne ya rufe mini ido.

Ban sake ganin ƙeyarsa ba. Bayan wata huɗu na ji ta rasu, na je gaisuwa. Ina shiga, ga hotona a bango cikin ƙaton firem. An kai wani wuri an wanke, an haskake inuwar duka, an goge fuskar ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, an kuma yanke shi daga kafaɗa. Hannun da agogon babu su! Ga hatimin wani situdiyo a kusurwa, mutane na ta yaba musu. Na kan ce kuɗin bai dame ni ba. Ƙarya nake yi, ya dame ni, aikin kwana uku ne. Amma agogon nan ne ke hana ni barci.

Ku 'yan yanzu labari ɗaya kuka haddace, na mai ɗaukar hoto Yousuf Karsh da ya fizge taba daga bakin Churchill, Firaministan Birtaniya na lokacin, a Ottawa a 1941 ya ɗauke shi yana huci. Sai kowa ya ɗauka dabara ce ta daƙiƙa ɗaya. Wancan hoton iko ne, kuma 'yan mintuna aka ba shi. Je ka duba aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana ya yi yawancin aikinsa, sau da yawa dannawa ɗaya ga mutum ɗaya. Dubi yadda hannuwan mutanensa suke kwance, babu mai ɗar-ɗar.

Kai kuwa na ga yadda kake yi. Ka danna ɗari uku kamar mai harbin tsuntsaye, bayan kowace dannawa ka sunkuya kana kallon allon kyamara. Daidai lokacin da ka sunkuya mutum yake sauke numfashi ya koma kansa, kai kana can kana yaba wa kanka. Sannan ka bi fata da filta. Na kuma ji ka ɗora hoton yarinyar nan da ta yi hawaye a Instagram ba ka tambaye ta ba. Kai ta yarda ka gani, ba duniya ba. Ka sauke shi yau.

Dattijon da zai zo gobe da safe kai za ka ɗauke shi. Zan liƙe allon kyamararka da salatif, hoto 12 na ba ka, kuma kar ka taɓa ta sai kun yi rabin awa kuna hira. In ɗansa ya nemi asalin fayil ɗin kafin ya biya, turo mini shi.