Tambayi Bakanike: Tsofaffin Baburan Hawan Dutse

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na samu tsohon Bultaco Sherpa T, ya fi shekara goma a jingine ba a taɓa kikinsa ba. Niyyata in yi masa fenti, in yanka bayan firam ɗin in sa masa shokozoba ɗaya irin na baburan zamani. Ta ina zan fara?

AMSA: Toh ɗan'uwa, fara da ajiye zarton nan tukuna, don Allah. Ka san abin da ke hannunka kuwa? Kafin wannan babur ya fito, manyan injinan Ingila masu nauyi ne ke cin gasar tirayal, wato wasan nan da ba gudu ake nema ba, a hankali za ka bi kan duwatsu da rafi da gangare, in ka sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya a rubuta maka maki 1, in ka faɗi ko ka kasa wucewa 5, mai ƙarancin maki shi ya ci. Sai Sammy Miller ya bar Ariel ɗinsa mai 500cc ya koma kamfanin Bultaco na Sifen, suka haɗa Sherpa T, a 1965 ya ci gasar kwana shida ta Sikotilan da shi, daga nan fa aka daina labarin manyan injinan. Shi kake so ka yanka? Kuma ko tarihi bai dame ka ba, masu shirya gasar tsofaffin babura ajinsu daban ne ga masu shokozoba biyu, kana maida shi ɗaya ka fitar da kanka daga ajin, ka koma karawa da baburan da suka fi naka komai, ga daraja ta zube in ka tashi sayarwa.

Fenti kuma shi ne ƙarshe, ba farko ba. Babura nawa na gani an sha fenti ana ƙyalli amma ana turawa. Cire fulogi ka ɗiga ɗan mai a silinda ka bar shi ya kwana, sannan ka danna kiki da hannu a hankali ka ji ko fistin yana motsi. Ka duba wuta, irin waɗannan baburan kwantak gare su, wato ƙarfen da ke buɗewa da rufewa ya ba fulogi wuta, a bayan fulawil, sau da yawa tsatsa ce kawai ta hau bakinsa, ka goge ka saita. Kafireto a warware shi gaba ɗaya a jiƙa, tsohon fetur yana zama kamar ƙaro ya toshe jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi, kuma kar ka tsokale shi da waya, ramin zai buɗe ka yi ta fama ba ka san dalili ba. Sai tanki, da yawansu na faiba ne, shi kuma fetur mai etanol narkar da faiba yake daga ciki ya tura daɓar cikin inji, ko a shafe cikinsa da maganin da ake yi don haka ko ka nemi na alminiyom.

Canji ban hana ka ba. Sabbin shokozoba guda biyu masu tsawon na asali, wutar lantarki ta zamani a madadin kwantak, matakin ƙafa mai faɗi a ɗan ja shi baya da ƙasa, duk za ka ji bambanci tun ranar farko, wlh matakin nan kaɗai sai ka ɗauka wani babur ne. Sharaɗina dai duk abin da ka kwance ka zuba a kwali ka adana. Af, da yawa daga tsofaffin nan giyarsu a ƙafar dama take birkin baya a hagu, ka kiyaye ranar gwaji.

TAMBAYA: Yamaha TY175 nawa yana tashi lafiya, amma da ya yi zafi sai silo ya riƙa hawa da kansa, na wanke kafireto har sau uku ba canji.

AMSA: Ƙyale kafireton nan haka ya huta, iska injinka yake sha ta inda bai kamata ba. Duba robar da ke tsakanin kafireto da silinda, in ta tsage ka gama. In lafiyarta ƙalau to sil ɗin karanshaf ne, wato robar da ke toshe gefensa, na ɓangaren fulawil, in ya bushe iska yake ja, mai ya yi kaɗan a haɗin, inji ya yi ta ihu yana zafi har wata rana fistin ya kama. Na ɓangaren kuloc kuwa alamarsa daban, man giya yake zuƙa, za ka ga farin hayaƙi da yawa, fulogi na baƙi, man giya na raguwa ba ɗigo a ƙasa. Canza su duka biyun lokaci ɗaya tunda shekarunsu ɗaya, kuma ka nemi abin zare fulawil na ainihi, ban da guduma. Sannan ka tabbata famfon mai na Autolube yana nan yana aiki, mutane da yawa cire shi suke, in an cire a naka dole ka riƙa haɗa man da fetur da kanka a tanki.

TAMBAYA: Iska nawa ake sa wa taya? Na sa 25 sai santsi nake a kan dutse.

AMSA: Haba malam, 25 ai na kwalta ne. Baya wajen 4 zuwa 5 psi, wato ma'aunin iskar taya, gaba 6 ko 7, so ake tayar ta lotsa ta rungumi dutsen. Amma ka tabbata akwai maƙullin da ke riƙe taya da wili, in babu tayar za ta juya ta fizge bakin tiyub.