Ɗumama inji da safe: amsa ga yaron gareji

Kai yaro, jiya muna rufe gareji ka tambaye ni minti nawa ake barin mota tana ralanti, wato inji na aiki mota na tsaye, da safe kafin a ja ta, wai wani ya ce maka goma, wani kuma a cikin waya ya ce ko ɗaya ba a so. Ku ƴan yanzu kun fi yarda da wayar nan da kunnuwanku, ga inji a gabanku yana magana ba ku ji.

Motar esansi mai injekta, wato wadda kwamfuta ke auna wa injinta esansi, irin Corolla da suka cika Damagaram, sakan 30 zuwa minti ɗaya ya ishe ta. Ka tayar, ka dubi tablo, allon fitilu da allurai da ke gaban direba. Jar fitilar baƙin mai ta mutu cikin sakan biyu ko uku; in ta daɗe tana ci, kashe motar, matsalarka ta wuce ta ɗumamawa. Allurar juyin inji za ta hau wajen 1,200 zuwa 1,500, kwamfutar motar ce ke yin haka da kanta, tana ƙara esansi don inji na da sanyi, daga baya ta sauko 700 ko 800. Da ta fara saukowa sa giya ka tafi a hankali, kada ka wuce 2,500 sai allurar zafi ta kai wurin zamanta. Inji yana son zafin da ya kai digiri 90, kuma da tafiya yake kai wa can da wuri. A tsaye yana daɗewa cikin sanyi, esansin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, buji su yi baƙi. Maganar minti goma gadon zamanin karbirato ce (abin haɗa esansi da iska a tsofaffin motoci), lokacin Peugeot 504, da sai ka ja shok (abin da ke rage iska don esansi ya yi yawa) ka jira, in ba haka ba ta mutu maka a bakin titi. In tsohuwa irin wannan ta zo hannunka, ba ta minti biyu ko uku, kana mayar da shok kaɗan-kaɗan. Mu nan ma wane sanyi gare mu? Ko a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, asubahinmu wajen digiri 15 ne. Ba Faransa muke ba.

Abin da ke cin inji shi ne taka wuta yana da sanyi, kuma a kan wannan ne wani Alhaji ya cinye mini kuɗi, har yau in na tuna abinci ba ya mini daɗi.

Hilux ce ta gazuwal mai turbo (abin da ke tura ƙarin iska cikin inji), tana jigilar kaya Damagaram zuwa Agadas ta Tanut. Na sauke injin gaba ɗaya: sababbin sigma (zobban da ke jikin fiston), sababbin kusine (matashin ƙarfen da bilbirke ke juyawa a kai), bilbirke (babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji) aka kai aka gyara wuyansa, turbo sabo dal, kalosta (abin da ke buɗewa da rufe hanyar ruwan inji) sabo. Muka yi ciniki jika 900 da kaya da aiki, ya ba da rabi, ya ce saura in mota ta dawo daga tafiyar farko. Kayan kuwa da sunana na karɓo su bashi wajen mai fiyes, wato mai sayar da kayan gyaran mota. A gabansa na zaunar da direbansa na ce: injin nan rodaj yake, wato sabon ɗauri ne sai an lallaɓa shi, kilomita 1,000 na farko ba gudu ba lodi mai nauyi, sannan a yi bidanj, wato a canja baƙin mai. Da safe ka murɗa kontak, ka jira fitilar bujin ɗumamawa ta mutu kafin ka tayar, ka ba shi minti ɗaya ko biyu, ka tafi ƙasa da 2,000.

Ba a rufa wata biyu ba sai ga motar an jawo ta da igiya. Da aka tayar, ƙasan inji na ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi, salansa, bututun hayaƙi, na zubar da shuɗin hayaƙi. Na kwance kartar, kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Kusinen da na sa da hannuna sun goge har jan ƙarfensu ya fito, wuyan bilbirke ya yi zane-zane, in ka ja farce a kai sai ya riƙe. Sandar turbo ta yi shuɗi don ƙuna, ka kama ta da yatsa tana rawa. Baƙin man ya tsinke, warin gazuwal yake, filtar kuma ita ce dai wadda na ɗaura. Da na buɗe gidan kalosta na tarar wayam, wani mai gyaran bakin hanya ya cire ya jefar, wai don kada mota ta yi zafi a sahara.

Mai gadin gidan Alhajin da bakinsa ya faɗa: kullum bayan sallar asuba direban na tayarwa sai ya danne wuta har ƙasa, sau uku sau huɗu, wai yana tashin ta daga barci, unguwa duk ta sani. To ka yi tunani. Mai ya kwana a kartar ya yi kauri, balle 20W50 da ya zuba mata, kuma turbo na can ƙarshen hanyar mai. Abin da ke juyawa sama da sau 100,000 a minti, ka sa shi gudu kafin mai ya iske shi! Kusine ma ba sa son taɓa bilbirke, a kan siririn mai suke yawo, in man bai zo ba ƙarfe ya ci ƙarfe.

Alhaji ya rantse wai kayan kwance na sa masa na karɓi kuɗin sababbi. Na kawo kwalayen, na kawo takardar mai fiyes, bai ko kalla ba. Aka je gaban mai unguwa, aka ce a yi haƙuri, ana tare. Haƙurin nan jika 450 ne, ni na biya shi, Alhaji kuwa ya sake mota a shekarar. Direban ma har yanzu yana tuƙi.

Saboda haka maganar kalosta ka riƙe ta da kyau, don rabin motocin da ke shigowa garejin nan babu shi a ciki. Aikinsa ya tare ruwa kada ya tafi radiyata sai inji ya ɗumama. A yawancin Toyota yana fara buɗewa wajen digiri 82, an ma buga lambar a jikinsa. Ka cire shi, inji ya yini cikin sanyi a hunturu, mota ta sha mai, silinda ta ci. In mota na zafi, nemo dalili a radiyatar da ruwan rijiya ya toshe da gishiri, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfin da ya mutu. Kuma kada allurar tablo ta ruɗe ka: zafin ruwa take nunawa, baƙin mai yana baya da ƴan mintuna, don haka ko ta kai tsakiya ƙara ɗan haƙuri kafin ka buɗe mata wuta a hanyar Mirriya.

Inji mai turbo, in ya sha doguwar tafiya da gudu, ba a kashe shi nan take. Bar shi minti ɗaya ko biyu a ralanti, in ba haka ba man da ya tsaya a cikin turbo ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanyar. Manyan motoci masu birkin iska kuwa dole su jira, amma iskar birki suke jira ta cika, wannan ko ɗan kamasho a tasha ya sani. Duba mai da ruwa kafin tayarwa ba zan ɓata bakina a kai ba.

Gobe da safe kwance kalostar farar Corolla ɗin nan da ke ƙarƙashin bedi, ka sa shi a gwangwani da ruwa ka ɗora a wuta. In ruwa ya tafasa bai buɗe ba, ko ka tarar da shi a buɗe tun yana da sanyi, je ka sayo sabo mai lamba ɗaya da tsohon, da jwan ɗinsa mai hana yoyo, kuma ka karɓo takarda.