Hazem El Masri: yaya ya yi shekara 14 a wasan da ake karo kamar raguna?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Kwanan nan ina ta cin karo da bidiyon wani Balarabe a Facebook, wai shi Hazem El Masri, yana buga ƙwallon nan mai kama da ƙwai daga can gefen fili mutane na ta ihu. A ƙasan bidiyon an ce musulmi ne, har azumi yake yi yana wannan wasan. Ni dai abin da nake gani ƙarti ne ke ta karo da juna. Dan Allah wane ne shi, ta ina ake fara wannan sana'ar, kuma ya aka yi mutumin da ba wani ƙato ba ya daɗe a cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya na ji daɗin tambayar nan don mutumin da ka ambata yana cikin waɗanda nake ganin girmansu a wasan nan, kuma da wuya ka ji ana maganarsa a wajenmu.

Bari mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Wasan da ka gani sunansa rugbi, kuma kala biyu ne. Akwai na mutum 15 wanda ake kira yuniyon, shi ne wanda Afirka ta Kudu da Niyu Zilan suka yi suna a kai, sai kuma na mutum 13 wato lig, shi Hazem ya buga. Sun rabu ne tun 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, kuma kuɗi ne ya raba su, ƴan wasan arewa leburori ne na ma'adinan kwal da masaƙu, in mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je wasa an yanke masa kuɗin yini, kulob-kulob ɗinsu suka ce a bari su biya su wannan asarar, manyan da ke riƙe da wasan suka ce atafau ba a biyan ɗan wasa. Shi kenan aka raba gari. Ya shiga Ostareliya a 1908 kuma yau can ne ya fi ƙarfi, gasarsu ta NRL tana da kulob 17.

Yadda ake bugawa a taƙaice: minti 80 ne, ƙwallo a hannu, ba a jefa ta gaba sai dai baya ko gefe, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ita dama shida take da ita, in aka kayar da mai ƙwallo sau shida ba su ci ba sai ta koma hannun abokan karawa. Duk kayarwa ɗaya masu tsaro sai sun ja baya mita 10 sannan su sake rugowa, kaga kenan karon da kake gani ba hatsari ba ne, shi ne aikin. Wanda ya kai ƙwallo bayan layi ya dangwala ta a ƙasa ya ci tirai, maki 4. Daga nan sai a ba su bugu ɗaya zuwa tsakanin sandunan nan biyu, in ta shiga maki 2. Riƙe wannan bugun a ranka don nan labarin Hazem yake.

An haife shi a Tarabulus ta Labanan a 1976, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Sidni ta Ostareliya a 1988 yana ɗan shekara 12. Ƙwallon ƙafa ya taso yana bugawa kamar ni da kai, sai da ya girma a makarantar sakandare ta Belmore sannan ya shiga rugbi, wato ya shigo a makare idan ka kwatanta da yaran can da suke farawa tun suna shekara shida ko bakwai. Hanyar da aka saba bi ita ce yaro ya fara a ƙaramin kulob na unguwa, masu farautar ƴan wasa su gan shi, ya shiga gasar matasa irin su Harold Matthews da SG Ball da Jersey Flegg, daga nan rukuni na biyu, sannan in Allah ya yi a ba shi kwantiragi a babbar tawaga. Mafi yawansu a hanya suke zubewa, wani gwiwa, wani kafaɗa, wani kuma kawai koci bai ga abin da yake nema ba. Shi Hazem kulob ɗin unguwarsu ne ya ɗauke shi, Canterbury Bulldogs, wanda gidansa ke Belmore, yankin da Larabawan Labanan suka yi yawa, ga babban masallacin Lakemba nan kusa. Ya fara buga babbar gasa a 1996 a matsayin ɗan gefe, kuma bai taɓa sa rigar wani kulob ba har ya yi ritaya a 2009.

Toh ga inda nake so ka lura. Shekara biyar ɗinsa na farko ba shi ne mai bugun kulob ɗin ba. Akwai wani ɗan Niyu Zilan, Daryl Halligan, gwani ne na gaske wanda ya tara maki sama da 2000, shi ke bugawa, Hazem sai dai ya yi gudu ya ci tirai ya koma wajensa. Yana da ƙafar amma ba a buƙatarta tukuna. Sai da Halligan ya ajiye a ƙarshen 2000 sannan aikin ya dawo hannunsa a 2001, yana da shekara 25, shekarun da wasu ƴan wasan an riga an fara sallamarsu. Ni a ganina wannan jiran shi ne rabin labarinsa, saurayi mai zafin kai da tuni ya tattara ya tafi wani kulob inda za a ba shi bugu nan take.

Me ya sa bugun yake da wuya? Saboda ba a gaban sanduna ake ajiye maka ƙwallo ba kamar fenariti. Daidai inda aka dangwala ta a nan za ka ja layi ka dawo baya ka buga, in a tsakiya aka ci ka huta, in kuwa a lungun fili aka ci, kuma ƴan gefe kusan kullum a lungu suke ci, to daga bakin layin gefe za ka buga, sandunan kana hango su sun matse kamar ƙofar ɗaki. Ka ɗora ƙwallon a kan ɗan mazaunin roba, ka karkata ta, ka ja da baya taku kaɗan ka goce gefe, numfashinka bai dawo ba don yanzu ka gama gudu da karo, magoya bayan ɗaya ɓangaren suna bayanka taku biyar suna ta zaginka. Hazem yana zuwa mata a karkace ya shafe ta da cikin ƙafa yadda ɗan ƙwallon ƙafa ke bugun firikik, sai ka ga ta tashi kamar za ta wuce waje sannan ta lanƙwaso ta shige. Ina kyautata zaton bidiyon da ka gani na 2002 ne a gidan Newcastle Knights, don shi aka fi yaɗawa, an ci tirai a lungu lokaci ya ƙare, Bulldogs na baya da maki ɗaya, ga iska tana kaɗawa, ya buga daga bakin layi ta shiga aka tashi 22 da 21. Ko yanzu na kalla sai tsigar jikina ta tashi.

Alƙalumansa su za su gaya maka sauran. Wasa 317, tirai 159, bugu 891 da suka shiga, jimilla maki 2418. Yi lissafi da kanka, tirai 159 sau 4 ya ba ka 636, bugu 891 sau 2 ya ba ka 1782, wato kusan kashi uku cikin huɗu na makinsa daga ƙafa suka fito, a wasan da kowa ke ɗauka na ƙirji da damtse ne. Cikin bugu 10 wajen 8 suna shiga. Kulob ba ya wasa da irin wannan mutumin, ɗan gefe mai gudu ana samun sabo duk shekara, amma wanda zai mayar maka da 4 ta zama 6 kusan kowane lokaci ba a tsintarsa a hanya. A 2004 kaɗai ya ci maki 342, tarihin da ya kafa na kaka ɗaya, kuma a shekarar suka ɗauki kofi bayan sun doke Sydney Roosters 16 da 13 a fainal. A farkon kakar 2009 ya wuce Andrew Johns ya zama wanda ya fi kowa maki a tarihin gasar, ya riƙe wannan matsayi shekara 10 kafin Cameron Smith na Melbourne Storm ya wuce shi a 2019. Magoya baya El Magic suke ce masa.

Ba kullum ake kwana a gado ba fa. A waccan 2002 ɗin Bulldogs sun ci wasa 17 a jere suna saman teburi, sai aka gano shugabannin kulob ɗin sun karya dokar iyakar albashi, don a NRL akwai adadin kuɗin da kulob ba zai wuce ba wajen biyan ƴan wasa, aka zare musu maki 37 suka koma na ƙarshe. Ka yi tunanin mutumin da ya sha karo wata shida, laifin ofis ya cinye masa shekara guda cikin ƴan shekarun da yake da su.

Maganar azumi kuwa gaskiya ne, an san shi da riƙe azuminsa da sallarsa kuma ba ya shan giya, a wasan da shagalin giya bayan an tashi ya zama kamar al'ada. Amma akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Kakar NRL daga Maris take zuwa farkon Oktoba, kuma daga 1996 zuwa 2003 azumi yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Oktoba da Fabrairu, sai mutum ya ce ai ya huta tunda ba wasa. Ina! Wannan lokacin shi ne na tirenin ɗin share fage, mafi wahala a shekara, gudu da ɗaga ƙarfe da kokawa, kuma can Disamba da Janairu ne tsananin zafinsu, yinin azumi yana wuce awa 15. A ƙarshen rayuwar wasansa ne, 2007 zuwa 2009, azumi ya shigo Satumba da ƙarshen Agusta ya haɗu da wasanni. Wasan dare da sauƙi don a wannan lokacin rana tana faɗuwa a Sidni kafin ƙarfe shida, mutum ya sha ruwa kafin a take, na ranar Lahadi da la'asar shi ne babu ko kurɓa ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne bai ɓoye addininsa don a karɓe shi ba, kuma ka tuna bayan harin 11 ga Satumbar 2001 ba ƙaramin matsi musulmi suka sha a ƙasashen nan ba.

Wani da za ka so ka sani shi ne Sonny Bill Williams, tare suka ɗauki kofin 2004, shi a lokacin yaro ne ɗan shekara 19. Hanyarsa ta sha bamban, ya bar Bulldogs ana tsakiyar kaka a 2008 ya tafi Toulon ta Faransa ya koma yuniyon, a can ya karɓi musulunci, ya ci kofin duniya sau biyu da Niyu Zilan a 2011 da 2015, a tsakani ya dawo lig ya ɗauki kofi da Roosters a 2013, har dambe ya yi. Shi jikinsa ne jarinsa kuma ya kai shi kasuwa daban-daban, Hazem kuwa gida ɗaya ya zauna. Hazem ma ya buga wa ƙasa, ya buga wa Labanan a kofin duniya na 2000, ya buga wa Ostareliya wasa ɗaya a 2002, ya kuma wakilci jihar New South Wales sau ɗaya a 2007. Wasa ɗaya ɗaya ga mutumin da ya fi kowa maki, ni dai ina ganin an rage masa hakkinsa a nan, masu zaɓe sun fi son ɗan gefe dogo mai nauyi.

Tunda ka yi maganar karo dole in gaya maka ɓangaren da bidiyo ba ya nunawa. Matsayin ɗan gefe ya taimaki Hazem, don na tsakiya su ke kayar da mutum 30 ko 40 a wasa ɗaya, na gefe bai kai ko kusa ba. Amma ba wanda ke fita lafiya lau. Kocinsa na 2004, Steve Folkes, wanda shi ma tsohon ɗan wasan Bulldogs ne, bayan rasuwarsa a 2018 likitoci sun duba ƙwaƙwalwarsa suka samu ciwon nan da yawan buguwar kai ke jawowa, wanda ake kira CTE. Shi ya sa yanzu in ɗan wasa ya bugu a kai ana fitar da shi likita ya duba shi, in an tabbatar ya jigata sai ya yi kwana 11 bai buga ba. A zamanin su Folkes ruwa kawai ake watsa wa mutum ya koma fili. Duk wanda ƙaninsa ko ɗansa ke sha'awar wasan nan, abin da zai fara nema shi ne kocin da zai koya masa inda ake sa kai wajen kayarwa, kafin maganar ƙarfi.

Mu ma muna da ɗan rabo a wasan, Martin Offiah wanda ya ci tirai 501 kuma ya yi tashe a Widnes da Wigan, a Landan aka haife shi amma iyayensa ƴan Najeriya ne, sannan tawagar Najeriya ta ɗauki kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019.

Wasan Hazem na ƙarshe shi ne na kusa da fainal a Satumbar 2009, ƙungiyar Parramatta ta fitar da su a gaban ƴan kallo sama da 74,000, ya ajiye yana da shekara 33. In kana so ka ga wasan da idonka ba guntun bidiyo ba, wasannin daren Sidni suna kamawa ne wajen ƙarfe 11 na safe a agogonmu, ranakun Alhamis zuwa Asabar, ka sa ido a kan mai bugu duk lokacin da aka ci a lungu.