Tambayoyi da amsoshi: a wace kasuwa zan sayar da sunayen domen ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tawa, na yi rajistar sunayen domen, wato adireshin shafukan intanet, guda goma sha biyu masu ƙarewa da .com don in sayar, amma har yau ko tayi babu. Wace kasuwa ce ta fi kyau, kuma ta ina kuɗin za su iso ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da ƙarshen tambayarka, don nan ƴan Nijar suka fi yin tuntuɓe. Kafin ka sa suna ko ɗaya a kasuwa, buɗe shafin biyan kuɗi na kamfanin ka ga hanyoyin da ya yarda wa mazaunin Nijar. Asusun PayPal na Nijar na aikawa ne, ba ya karɓa. Nita, Amana da Airtel Money kuwa waɗannan kasuwanni ba su san da su ba. Abin da ya rage shi ne turawa ta banki. Je bankinka ka karɓi lambar asusu cikakkiya da lambar SWIFT, ka tambayi nawa suke cira idan kuɗi sun shigo daga waje, ka kuma tabbata sunan da ke kan asusun ya yi daidai da na takardar shaidarka harafi da harafi. Bambancin Mahamadou da Mohamed kaɗai ya isa ya tsayar da biya.

Kasuwannin da suka cancanci lokacinka biyu ne: Afternic da Sedo. Afternic na kamfanin rajistar domen GoDaddy ne tun 2013, kuma ƙarfinsa shi ne yaɗa sunanka ga kamfanonin rajista masu yawa. Wani a Amurka ya nemi sunan a inda ya saba saye, sai ya ga farashinka ya biya nan take. La'adarsu tana farawa daga kashi 15 cikin ɗari idan ka juya sabobin sunan, wato NS, saitin da ke nuna inda sunan zai kai mai ziyara, zuwa nasu. Idan ba ka juya ba tana kaiwa 25 ko fiye. Za su kuma nemi ka cike takardar haraji W-8BEN, mai nuna kai ba ɗan Amurka ba ne. Sedo na Jamus ne, la'adarsa tsakanin kashi 10 zuwa 20, gwargwadon hanyar da mai saye ya biyo. Abin da ya sa nake yaba shi ga mutanenmu shi ne za ka iya sa farashi da yuro, kuma sefa a ɗaure take da yuro: 655,957 kowane ɗaya. Ka sayar yuro 1.000, a cire kashi 15, saura 850, wato kusan jika 557 kafin banki ya ci nasa. Dalar Amurka kuwa yau sama gobe ƙasa.

Sa sunayen a duka biyun, da farashi ɗaya. NS ɗin dai waje ɗaya kawai za ka iya juya su, ni Afternic zan zaɓa. Ranar da aka sayi suna a wannan, maza ka cire shi daga wancan, don idan mutum biyu suka biya kuɗin kaya ɗaya, za a iya rufe asusunka.

Ka yanka farashi, kada ka bar wa mai saye ya taya. Mafi yawansu ba su da haƙurin ciniki, kuma tsarin miƙa suna nan take ba ya aiki sai da ƙayyadadden farashi. Don sanin abin da za ka yanka, duba shafin NameBio ka ga nawa aka sayar da makamantan naka. Gwanjo kuwa, bar shi sai sunan da ka san aƙalla mutum biyu na so; in ba haka ba a farashin buɗewa zai tafi.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: ƴan wannan sana'a na lissafin cewa cikin sunaye ɗari, ɗaya ko biyu ke fita a shekara, alhali kowanne sai an sabunta shi da kusan jika bakwai zuwa goma sha biyu. Saboda haka shirun da kake ji da goma sha biyu ba abin mamaki ba ne. Tankaɗe su. Mai tsawo, mai karan tsakiya, mai lambobi barkatai, bar shi ya mutu. Wanda ke ɗauke da sunan kamfanin wasu ma ya fi haɗari, don mai alamar zai iya kai ƙara ƙarƙashin tsarin UDRP na warware rikicin sunayen domen a karɓe shi ba ko dala.

Tambaya: Daga Yamai nake. Wani ya aiko mini saƙon imel zai sayi sunana dalar Amurka 15.000, amma sai na fara biyan wani shafi da ya nuna mini don a ƙiyasta darajar sunan. In biya?

Amsa: Kada ki biya, ƴar'uwa. Tsohuwar damfara ce: shafin ƙiyasin nasa ne, da kin biya ya ɓace. Mai saye na gaskiya ba ya ɗora wa mai kaya kuɗin ƙiyasi. Ki ce masa ciniki ya bi ta sashen miƙa suna na Sedo, inda suke riƙe kuɗin amana har sunan ya koma hannunsa. Kada kuma ki ba kowa lambar sirri ta EPP, wadda ake ɗauke suna da ita zuwa wani kamfanin rajista, kafin kamfanin ya tabbatar miki, a cikin asusunki ba ta imel ba, cewa kuɗi sun shiga.

Ki duba ranar rajista ma. Sunan da bai cika kwana 60 da rajista ko da ƙaura ba, ba ya tashi zuwa wani kamfanin rajista. Mafita ita ce mai sayen ya buɗe asusu a kamfanin da kike, ki tura masa daga asusu zuwa asusu.

Tambaya: Sunaye masu .ne na Nijar fa, suna da kasuwa?

Amsa: A waje kaɗan ƙwarai. Masu buƙatarsu kamfanoni da ƙungiyoyin gida ne, don haka sai ka neme su kai tsaye, ku rubuta yarjejeniya, sannan a canza sunan mai shi a wurin da aka yi rajistar.